Da Muka Aiki Babarbare Ya Kori Koci

Har gobe in aka tambaye ni, zan ce ya cancanci kora. Na faɗa a lokacin, a tsakiyar fili, da muryar da 'yan Akokan, garin da ke maƙwabtaka da mu, suka jiyo daga bencinsu, kuma furfura ba ta sa na canza magana ba. Kocinmu mutumin kirki ne, amma ƙungiyar ƙwallon kwando ta kamfaninmu a Arlit a hannunsa ta lalace. Ni ne kapitan, ni ake nunawa da baki in na shiga kasuwa sayen tumatir.

Zamanin da uraniyom ke da daraja kamfani ya tattaro mu daga garuruwa don mu buga masa ƙwallo. Ni daga Tawa, a ƙasar Adar, aka ɗauko ni. A biro, wato ofishin kamfani, an rubuta ni mai gyaran wuta, alhali wayar da na taɓa riƙewa ita ce wadda muke shanya rigunan wasa a kanta. Aikinmu balo, wato ƙwallo, safe da yamma, kuma a kansa muke ci. Sai farashi ya faɗi. Turawa suka fara ɗaure akwatuna, aka shiga rage ma'aikata, fari ya cinye daji, sannan tawaye ya tashi a duwatsu, hanyar Agadas ta koma ba a bin ta sai a ayari, soja gaba soja baya. Ƙungiyoyin kudu suka daina zuwa. Gasar ta rage daga mu sai 'yan Akokan, sai sojojin bariki, sai malaman makaranta, muna ta zagaya juna. Dogon Buzun da ke tsare mana ƙarƙashin kwando ya ce bari ya je ya dubo raƙumansa. Ba mu sake ganinsa ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Koci Bafillace ne daga wajen Tanut, siriri, mai sanyin murya. Turawa na ce masa antirenar, mu muna ce masa Koci. Wurin wani Bature da ya daɗe da komawa ƙasarsu ya koyi sana'ar, kuma dabara ɗaya tak ya bar masa: in balo ya kuɓuce muku, kowa ya ruga ya tsaya a gurbinsa, kada ya bi mutum. Zon ake ce mata. 'Yan Akokan sun haddace ta fiye da mu. Sai su tsaya can nesa suna zuba mana balo a kwando kamar yara masu jifan mangwaro, mu muna tsaitsaye da hannuwa a sama, Koci yana cewa, "Haka, haka, kada ku motsa."

Wannan ma da sauƙi. Babban ciwon shi ne, duk faɗin Arlit ba mai hannu kamar ɗansa, saurayi dogo da in ya saki balo ba ka ma jin ƙarar ƙarfen kwando. Amma ɗan fari ne, Koci kuwa Bafillace ne na asali. Ba ya faɗin sunansa, ba ya dubansa, ba ya yi masa magana a gaban mutane. In ta kama dole sai ya ce "wancan". To yaya za ka sa ɗan wasa a fili ba ka kira shi ba? Haka saurayin nan zai zauna a ƙarshen benci tun daga farko har a tashi, ana lallasa mu, uban yana duban ko'ina ban da wannan kusurwar. Na taɓa cewa, "Koci, ka sa shi mana!" Ya ce, "Wa?" Na nuna. Ya dubi sama ya ce akwai sauran lokaci.

Ranar da malaman makaranta suka ci mu, har da wani mai tumbi da ke wasa da tabarau ɗaure da zare, na ce ya isa. Na tayar da ƙura sai da kwamiti ya zauna a inuwar gareji.

Shugaban kulob mutumin Maradi ne, ma'aikacin biro, mai tsoron ɓacin ran mutane fiye da tsoron kunama. Ya ce a yi haƙuri kakar wasa ta ƙare. Ya ce kora a tsakiyar gasa rikici ne, sabon mutum bai san 'yan wasa ba, kuma ina ma za a samo shi hanya a rufe? Na ce akwai malamin wasanni na kolej, yaro mai jini a jika, ya yi karatun abin a Yamai. Na ce biro na neman abin da za ta datse, kuma ƙungiyar da malamai masu tabarau ke ci ita za a fara kaiwa wuƙa. In muka jira ƙarshen kaka, ba za a samu ƙungiyar da za a canza wa koci ba.

Kowa ya san gaskiya na faɗa, kuma kowa ya san abin da ba a faɗa ba. A Arlit gida na bin aiki. Koci na zaune a gidan kamfani, mai wuta da famfo, kuma tun da shanu suka mutu a daji danginsa suka taho suka cika tsakar gidan, gwaggo da ƙanne da jikoki, an kafa rumfunan tabarma har bakin ƙofa. Ranar da ya sauka daga koci, gidan ya tashi daga hannunsa. Sai dai Bukkoki, bayan gari, inda ake sayen ruwa a gwangwani, ko kuwa hanyar kudu.

Aka ɗaga hannu, muka rinjaya. Shugaba ya goge gumi ya ce to, amma shi ba zai kai magana biro ba sai an gaya wa Koci baki da baki, ya miƙo usur da mabuɗin ɗakin ajiya da hannunsa, kada a ce an yi masa yankan baya. Sai tambayar wa zai je ta taso. Wannan ya ce Koci ne ya raɗa wa ɗansa suna. Wancan ya ce shi ya karɓar masa aure. Ni na ce ni ɗan wasa ne, ba a aika ɗa ya kori uba, kuma har yanzu ina ganin hujja ce mai kyau.

Sai wani dattijo ya ce, "Mu ma dai! Ga taubashinsa zaune."

Duk muka juya. Mataimakin shugaba Babarbare ne daga wajen Gure, direban kamiyo, babbar motar da ke kwaso dutse daga ramin haƙa, ƙato, mai zane a fuska da dariya kamar tashin injin. Tsakanin Barebari da Fulani kuwa ba kunya, ba fushi. Abin da ɗan'uwanka ba zai iya gaya maka ba, taubashi zai faɗa a gaban surukanka, ka yi dariya. Tun kakanni shi ake aikawa da magana mai nauyi. Muka ga dabara ta yi, har muna tafawa. Babarbare ya karɓa da saurin da ya kamata ya ba ni tsoro. Aka ce in raka shi in zama shaida.

Da la'asar sakaliya muka isa. Bai yi sallama ba, dama bai taɓa yi ba a gidan. Ya banka ƙyaure da ƙafa, da takalminsa na aiki, ya daka tsawa.

"Ina bawan nan nawa? Fito, na kore ka!"

Koci na kishingiɗe a tabarma, ko tashi bai yi ba. "Aradu ka makara. Shekaranjiya ma ka kore ni."

Nan gabana ya faɗi, don gaskiya ne. Shekara da shekaru, duk ranar da aka ci mu, mutumin nan sai ya leƙo benci ya ce ya kori bawansa, har ya kan ce zai sayar da shi a kasuwar Agadas a kan buhun gishiri.

"Yau kwamiti ne ya aiko ni," in ji Babarbare. "Kawo usur, kawo mabuɗi."

"Kwamitin Barebari? A ina kuka zauna, gindin kwandon banda? Matso ka karɓa. In zanen fuskar bai ishe ka ba in ƙara maka biyu."

Mata suka fashe da dariya a bayan zana. Na ga abin zai lalace, na sa baki. "Koci, ba wasa ba ne hwa. Mun zamna, anka ce ka aje."

Ya dube ni da tausayi. "Kapitan, har kai? Da me ya saye ka? Da kifi busasshe?"

Aka kawo fura, da madarar gwangwani aka dama ta, Babarbare ya samu abin yi. Ya ce yau ga Bafillace yana tatsar gwangwani, ya tambaya ko ita ma ana kai ta kiwo. Koci ya ce ko ba komai ta fi ruwan kifi. Muka sha, muka fito. A hanya na ce, "Wanga wane irin aike ne?" Ya ce, "A gabanka na faɗa. Na rage wani abu? Laifina ne in bawa ba ya jin maganar ubangijinsa?"

Washegari Koci ya riga kowa zuwa fili, usur a wuya.

Haka aka shiga. Kowace safiya Babarbare zai tsayar da kamiyo a bakin fili, ya leƙo ta taga ya yi ihu, "Korarre! Me kake yi a nan?" Koci ya ɗaga masa hannu ya ce a gaida kifaye. Duk wanda ya gwada gaya masa sai ya zama ɗan amshin Babarbare. Na tura Shugaba da kansa, na tsaya a bayansa don kada ya gudu. Ya yi ta kame-kame, ya ce dama, wato, kwamiti ya ɗan duba. Koci ya riƙe baki ya ce, "Shugaba! Kai ma ya sa ka a wasan? Lallai mutumin nan ya iya shiri." Shugaba ya ƙyalƙyale da dariya kamar wanda aka sauke wa kaya, ya ce ai ka san halinsa. Na ji kamar in fasa balo da haƙori. Abin da ban lura ba sai daga baya, duk cikinmu ba wanda ya taɓa cewa wallahi. Kalma ɗaya ce, da ta kashe wasan nan take. Ni kaina ta sha zuwa mini har bakin leɓe, sai in tuna matan gidansa a layi a gaban famfo, sai in ce bari dai wani ya faɗa.

Malamin kolej kuwa an riga an gaya masa shi ne sabon koci. Ya zo da nasa usur da farin takalmi. Koci ya yi masa maraba hannu bibbiyu, ya ce dama ya daɗe yana roƙon a ba shi mataimaki, ya miƙa masa bokitin ruwa. Yaron ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ɗauki bokiti.

Haka muka je Akokan da koci biyu a benci ɗaya. Wannan na cewa ku tsaya a gurbi, wancan na cewa kowa ya kama nasa. Tsofaffinmu suka bi Koci, matasa suka bi malami, ni ina tsakiya ina zagin kowa. Ana cikin haka malami, da bai san dawan garin ba, ya leƙa ƙarshen benci ya kira ɗan fari da sunansa, gatsau, a gaban uban, ya ce shiga. Saurayi ya miƙe ya shiga. Sai ga wani abin da ba mu taɓa tunani ba: kunyar da ta hana Koci sa shi, ita ce ta hana shi fitar da shi. Yaya zai kira shi ya fito? Yaron ya yi ta zubawa daga nesa, ɗaya bayan ɗaya, uban ya juya baya yana nazarin tulin duwatsun da ke bayan masana'anta kamar yau ya fara ganinsu. Muka ci Akokan a gidansu. Mun manta yadda ake murna, wani har ya rungumi alƙalin wasa.

Nasarar ba ta raba gardama ba, ƙara mata wuta ta yi. Masu cewa a bar Koci suka ce kun gani, zon ɗinsa ce ta rikita su. Mu muka ce canji ne ya yi aiki. Babarbare ya ce shi ne ya ci, don tun da ya fara korar bawansa kullum ya shiga taitayinsa. Ni dai na san abin da na gani, kuma na ji daɗi a ranar irin wanda na daɗe ban ji ba. Na ɗauka ma za a iya tafiya a haka, koci biyu, ɗaya korarre, har ƙarshen kaka.

Nasarar ce ta jawo mana ido. Wani babba a biro da bai taɓa zuwa kallo ba ya ji labari, ya tambaya yaya aka yi ƙungiya ke da koci biyu a lokacin da ake sallamar masu haƙar dutse. Ya ce kafin ƙarshen wata a bar ɗaya, wanda bai da gidan kamfani a wuyansa, in ba haka ba a rufe kulob ɗin, kowa ya san inda dare ya yi masa. Yanzu ba gidan Koci kaɗai ke cikin haɗari ba, har namu. Shugaba ya dawo gareji fuska kamar an watsa masa toka. Na buɗe baki zan fara, Babarbare ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Bar ni da shi. Ka zo ka raka ni bayan Juma'a."

Na same shi cikin babbar riga fara da hula, ya sha wanka, ba warin man mota. Da muka isa ƙofar gidan sai ya tsaya. Ya yi sallama. Ba a amsa ba, don ba wanda ya gane muryar a haka. Ya sake yi. Wata tsohuwa ta leƙo, ta gan shi, ta koma da baya.

Ya cire takalmi a bakin tabarma. Ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu.

"Malam, ina wuni? Ya iyali? Ya baƙi?"

Koci ya dube shi daga hula har ƙafa. "Kai! Bawa ya saci rigar ubangijinsa. Kapitan, kira jandarma."

"Lafiya lau, Malam. Ya ƙoƙari?"

"Ko kifin ne ya ƙare a duniya kuka zo ta'aziyya?"

Babarbare ya sunkuyar da kai, yana murza bakin tabarma da yatsa. Bai rama ba. Matan da suka taru a bayan zana suna jiran dariya suka watse ɗaya-ɗaya. Ba ka jin komai sai ruwa na zuba a bokiti. Ni da na fi kowa son wannan rana, na rasa inda zan sa idona.

Koci ya daɗe yana dubansa. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da usur da mabuɗi, ya ajiye a tabarma tsakaninsu. Ba wanda ya ce an kore ka, ba wanda ya ce na ji. Ya zauna ya gyara rigarsa.

"Ka yi ƙoƙari," ya ce. "Ka ja ta da nisa. Yaushe ayari zai tashi?"

"Ran Talata, Malam."

"To, madalla. Ku sha ruwa mana."

Ran Talata da hantsi muka je tasha. An jera motoci, sojoji na zagayawa suna leƙa kaya. Dangin Koci sun hau bayan wata kamiyo da tabarmi da ƙore da jarkokin da suka cika a famfon nan tun asuba. A can saman kaya na hango wanda ban taɓa sa wa a lissafi ba. Ɗan fari ne, zaune da buhu a cinya. Ba ma'aikacin kamfani ba ne, an daina ɗauka tun kafin ya girma, a gidan ubansa yake ci yake kwana, kuma wa zai kama wa tsoho kaya a hanya? Mun kori koci don a riƙa sa yaron, ga shi kocin zai tafi da abinsa. Na dubi Shugaba, Shugaba ya dubi malamin kolej. Duk wayonmu ba wanda ya hango wannan. Sauran kakar ba sai na ba da labarinta ba, malamai masu tabarau sun sake samun mu.

Motar soja ta gaba ta yi ham, injuna suka tashi. Koci ya riƙe ƙarfen kamiyo ya miƙe tsaye, yana neman wani a cikin jama'a, har ya gano shi kusa da ni, cikin kayan aiki.

"Kai, bawa!" ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba ko a fili. "Na 'yanta ka! Je ka ci kifinka!"

Mutane suka yi dariya, suka juyo suna jiran ramuwa. Koci ma ya karkato kunne yana jira, mota ta fara gangarawa. Babarbare ya buɗe baki, ƙaton mutumin nan da ake jin muryarsa daga rami har gareji, ba abin da ya fito. Ya sake buɗewa, sai ya sa hular aiki ya rufe fuska.

Na so in rama masa, don kada tsohon ya tafi ba a zage shi ba. Zagi ya cika mini baki, ni da ban taɓa rasa shi ba. Amma ni mutumin Adar ne, ba wasa tsakanina da Fulani, in na faɗa ya zama rashin kunya. Sai na ɗaga hannu kawai, Koci yana tsaye yana saurare har motar ta wuce shingen soja.